Allurar Ƙarfi da Jikin Tsoho

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san bambancin bunsuru da taure. Uwarsu ɗaya, turkensu ɗaya, dusar da su ke ci ɗaya, amma bunsuru ga wari, ga faɗa, ga tsoka a wuya da ƙirji, kullum yana bin awaki, ba ya ajiye kitse. Taure kuwa sai ya kwantar da kai, ya bar ɓaɓatu, ya yi ta tara maiƙo, har ranar da mai gida zai ji daɗin yanka shi. Haka sa da furtumi, haka zakara da fiɗiyayye. Makiyaya sun san wannan tun kaka da kakanni, sai dai ba su damu da dalilin ba, gama nama su ke nema.

Wanda ya fara bin diddigin dalilin wani malami ne Bajamushe, ana ce da shi Berthold, cikin 1849. Ya kama 'yan zakaru ya fiɗiye su. Biyu ya bar su haka nan, suka girma ba zanko, ba cara, ba faɗa. Waɗansu biyu kuwa ya yi musu musaya, ya dasa wa kowanne ƙwayar ɗan'uwansa cikin ciki, can kusa da hanji, nesa da wurinta na asali. Sai ga waɗannan sun fid da zanko, suna cara, suna bin kaji kamar ba a taɓa su ba. Da ya yanka su ya duba, sai ya tarar ƙwayoyin sun kama, hanyoyin jini sun shige su, amma babu wata jijiya da ta haɗa su da ƙwaƙwalwa. Ya ce lalle akwai abin da ƙwayar nan ke zubawa cikin jini, jinin ya kai shi ko'ina.

Irin wannan abu shi likitoci ke kira homon, sunan da aka raɗa masa a London cikin 1905. In ana son a gane shi, sai a ɗauki jiki kamar ƙasa ce mai sarki da hakimai da dakaru, homon kuwa jakada ne, jini shi ne hanyar da ya ke bi. Jakadun suna da yawa. Wanda maraina ke aikawa sunansa testosteron, abin da saurayi lafiyayye ke yi nasa a yini kuwa kimanin nauyin ƙwayar gero guda ne. Da ɗan wannan ne murya ke buɗewa, gemu ya tsiro, kafaɗa ta faɗaɗa. Maraina ba su yin gaban kansu. Akwai wani ɗan ƙululu ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar wake ba, shi ke aiko musu da umurni. In ya ji testosteron ya wadata cikin jini, sai ya tsai da aiken. Mai karatu ya riƙe wannan, yana da rana a gaba.

To, daga wajen shekara 40 abin ya kan fara raguwa, kaɗan kaɗan, kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Cikin waɗannan shekaru ne kuma cinya ke sirancewa, damtse ya saki, tumbi ya turo riga. Mutumin da a dā ke saɓa buhun gero ya haye da shi rumbu, yau sai ya dafa gwiwa kafin ya tashi daga tabarma. Ba abin raini ba ne tsoho ya yi marmarin ƙarfinsa na dā. Ƙarfin nan shi ne gonarsa, shi ne mutuncinsa a idon iyali, shi ne abin da ke hana shi miƙa hannu ga 'ya'ya. Saboda haka ba mamaki da tunani ya zo wa mutane cewa tun da jakadan nan ne ya ja baya, in an ƙara shi ƙuruciya za ta komo.

Wani babban likita a Faransa, Brown-Séquard, ya gwada abin a jikinsa. Ran 1 ga Yuni, 1889, yana da shekara 72, ya tsaya gaban taron malamai a birnin Paris ya ce ya niƙa marainan karnuka da na ɓerayen masar, ya tace da ruwa, ya yi wa kansa allura. Ya ce ƙarfin hannunsa ya ƙaru, ya auna ya gani; yanzu yana iya tsayawa aiki sa'o'i da yawa ba gajiya; har nisan fitsarinsa ya auna, ya ce ya ƙaru. Kafin shekara ta ƙare dubban likitoci a Turai da Amurka suna yi wa tsofaffi wannan allura. Shi kuwa ya rasu cikin 1894. Cikin 2002 waɗansu likitoci a Ostareliya suka sake haɗa ruwan yadda ya kwatanta, suka auna, suka tarar testosteron da ke ciki bai kai ko kashi 1 cikin 1,000 na abin da zai yi aiki a jikin mutum ba, domin maraina ba su ajiye shi, suna yi suna sallamawa ne. Ashe mutumin ba ƙarya ya yi ba. Ƙarfin ya ji shi, amma zuciyarsa ce ta ba shi. In babban malami irin wannan ya ruɗu da jikinsa, ina ga wanda abokin hira ya ba labari a bakin kasuwa? Don haka ne likitoci ba su yarda da magani sai sun raba mutane kashi biyu, an ba waɗansu na gaske, an ba waɗansu na wofi mai kama da shi, ba wanda ya san nasa, sa'an nan a gwada su.

Maganin gaske ya samu cikin 1935, lokacin da aka tace shi daga marainan shanu a Amsterdam, waɗansu malamai kuma suka gano yadda a ke haɗa shi a ɗakin gwaji. Yau ana samunsa allura, ana samunsa man shafawa.

Shin yana sāke jikin tsoho? Yana sākewa, wannan babu gardama. Cikin 1999 aka ba da labarin wani gwaji da aka yi a Amurka da tsofaffi 108, duk sun haura 65, aka bi su shekara 3. Waɗanda suka sami maganin kitsensu ya ragu da kimanin kilo 3, tsokarsu ta ƙaru da kusan kilo 2. 'Yan'uwansu masu na wofi kusan ba su motsa ba. Wanda ya ga mutumin ya tuɓe riga zai ce ya koma baya da shekaru. Amma da aka zaunar da su bisa na'ura aka auna ƙarfin gwiwa, miƙewa da lanƙwasawa, sai aka tarar ba su fi masu na wofin ba. Tsoka ta ƙaru, ƙarfi bai biyo ta ba. A waɗansu gwaje-gwajen da aka ƙara yawan maganin ƙarfin ya ɗan ƙaru, sai dai ba kamar yadda ido ke tsammani ba. Cikin 2016 an ga haka a wani babban gwaji na tsofaffi 790 da aka shafa wa man shekara guda. Sha'awa ta ɗan ƙaru, rai ya ɗan yi sanyi, masu ƙarancin jini jininsu ya hau. Wajen tafiya kuwa, da aka auna nisan da mutum ke ci cikin minti 6, kimanin 20 cikin 100 na masu maganin ne suka ƙara mita 50, a wajen masu na wofi kuwa kusan 13 cikin 100. Riba ce, amma ribar ɗan tireda, ba ta fatake ba. Tsoka kamar doki ce, wanda aka cika wa hatsi ba a hawansa sai ya yi kyaun gani, ran sukuwa ya ba da kunya.

Wannan shi ne saƙon da jakadan ke kai wa tsoka da kitse, shi ne kuma wanda masu talla ke faɗi. Akwai na biyu da ya ke kai wa dakaru, ba a cika jin labarinsa ba, ga shi kuwa ya fi wuyar sha'ani.

Dakarun jiki su ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. A ɓargo a ke haifarsu. Ba su da sarkin yaƙi guda mai ba da umurni; da shela su ke aiki. In ƙaya ta soki ƙafa, ƙwayoyin da ke wurin sai su saki waɗansu 'yan sinadarai, kamar mai buga kuge, na nesa su ji su rugo. Wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, ya yi zogi, wani lokaci har zazzaɓi ya rufe mutum. Wannan duk ƙarar yaƙi ce. Likitoci suna kiran masu shelar nan saitokin, sun ba su sunaye da lambobi. Biyu daga cikin masu kiran a fito su ne TNF da IL-6. Akwai kuma masu cewa a koma gida yaƙi ya ƙare, babbansu IL-10. Lafiyayyen jiki shi ne wanda shelarsa ke tashi da ƙarfi in abokin gaba ya zo, ta kuma mutu in an kore shi.

A jikin tsoho abubuwa biyu ke ɓaci tare. Na farko, kugen ba ya yin shiru sarai. Ko babu cuta ana jin amonsa ƙasa ƙasa, dare da rana, shekara da shekaru, wannan ɓoyayyen kumburi kuwa yana cin tsoka, yana ɓata hanyoyin jini, yana share wa ciwon sukari hanya. Na biyu, sababbin dakaru sun yi ƙaranci. Bayan ƙashin ƙirji akwai wani ƙululu mai suna taimos, shi ne makarantar da a ke horad da wani babban rukuni na dakarun, a koya musu bambanta ɗan gari da baƙo. Yana da girma a jikin yaro, daga balaga sai ya yi ta shanyewa, kitse na cin wurinsa, har a jikin tsoho ya zama saura kaɗan. Garin da ƙararrawarsa ba ta daina kaɗawa, ga shi babu samari masu fita, kowa ya san halin da ya ke ciki.

Ina ruwan testosteron da wannan? A nan ma dabbobi ne suka fara tona asirin. Cikin 1904 wani malami a Birtaniya, Henderson, ya auna ƙululun nan a jikin shanu, ya tarar na furtumi ya fi na sa girma, yana kuma jinkirin shanyewa. Watau jakadan da ke faɗaɗa kafaɗar saurayi yana cikin masu rufe makarantar dakarunsa. Bayan shekara 100 aka ga alamar haka a jikin mutane. Akwai ciwon daji da ke kama wani ƙululu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, furostet, wanda testosteron ke ciyarwa. Tun 1941 likita Huggins na Amurka ya nuna in an yanke wa ciwon abincinsa ya kan lafa, yau kuwa ana iya tsai da maraina da allura, ba sai da wuƙa ba. Cikin 2005 malamai a Melbourne, ta Ostareliya, suka duba jinin tsofaffin da a ke yi wa wannan allura, suka ga a jikin da dama daga cikinsu sababbin dakaru sun fara fitowa, alamar makarantar ta sake buɗewa bayan shekaru. Amma a dubi abin da suka biya. A wani gwaji a Boston cikin 2002, maza masu irin wannan allura kitsen jikinsu ya ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100 kafin shekara ta cika, tsoka ta ragu da kusan kashi 3. Taure ke nan sak.

Akwai waɗansu shaidu kuma. Cututtukan da dakaru ke juyowa su yaƙi jikin mai su sun fi kama mata. Ɗaya daga ciki, mai suna lufus, in ta kama namiji 1 ta kama mata wajen 9. A ƙarshen 2013 malaman jami'ar Stanford suka yi wa maza da mata allurar rigakafin mura mai tsanani, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, suka ga jikin mata ya fi amsawa, cikin maza kuwa waɗanda suka fi rauni wajen amsawa akwai masu testosteron da yawa. Har babanni, irin waɗanda sarakuna ke ajiyewa a fada a zamanin dā, an bi tarihinsu. Cikin 2012 aka bincika wani tsohon littafin asali na babannin fadar Koriya, aka sami 81 da aka san shekarunsu. Tsaka-tsakin ransu shekara 70, sun fi sauran maza masu irin matsayinsu da shekara 14 zuwa 19, 3 daga cikinsu ma sun kai 100. Wannan dai ba hujja ce yankakkiya ba, gama zaman fada daban ya ke da zaman waje, amma abin ya isa a tsaya a yi tunani.

Ga abin da duk wannan ke nunawa: testosteron yana rage wa dakaru murya. To, alheri ne ko hasara? Ya danganta ga halin garin. Ga tsohon da kugensa ya ƙi yin shiru, ragewar na iya zama sauƙi. Cikin 2004 a Sheffield, ta Ingila, aka yi wa maza 27 masu ƙarancin testosteron allura na wata guda, sai TNF ya sauka, IL-10 ya hau. Murna ta tashi, aka ce an sami maganin ɓoyayyen kumburi. Sai dai da aka auna jinin tsofaffin nan na babban gwajin 2016, bayan shekara guda cur suna shafa man, IL-6 da sauran alamun kumburi ba su bambanta da na masu man wofi ba. Ƙaramin gwaji ya ce i, babba ya ce a'a. Mai hankali kuwa ya fi jingina ga babban. Mai tallar da ke cewa allurar nan tana ƙarfafa garkuwar jiki ya faɗi abin da malaman da suka ƙare rayuwarsu a kan aikin ba su faɗa ba.

Tumbi ma yana da bakin magana cikin wannan shari'a, har ya fi yadda a ke zato. Kitsen ciki ba ajiya ce kurum ba kamar hatsi a rumbu. Shi kansa yana sakin TNF da IL-6, yana kuma juya testosteron ya mai da shi irin homon da ya fi yawa a jikin mata. Wannan da kumburin sai su sa ƙululun ƙwaƙwalwa ya rage aike, maraina su rage aiki, tsoka ta ragu, kitse ya daɗu, a sake zagayowa. Saboda haka sau da yawa ba tsufa ne ya kori jakadan ba, teɓa ce, in kuwa ta sauka ya kan komo da kansa ba allura. A Ostareliya aka gwada haɗa biyun. Maza 1,007, 'yan shekara 50 zuwa 74, masu tumbi, waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari ko sun fara, aka sa su duka rage ci da motsa jiki, rabinsu aka ƙara musu allura. Da aka ba da sakamako cikin 2021, bayan shekara 2, masu ciwon sukari 12 cikin 100 ne a wajen masu allurar, 21 cikin 100 a wajen sauran. Riba ce babba. Amma 22 cikin 100 na masu allurar jininsu ya yi kauri har ya wuce iyakar da likitoci suka sa, a ɗaya ɓangaren kuwa 1 cikin 100 kaɗai, domin jakadan yana biyawa ta ɓargo ya ce a ƙara jajayen ƙwayoyi. Jini mai kauri kuwa kamar kunu ne cikin siririn bututu.

Batun zuciya ya daɗe yana ta da hankali. A ƙarshen 2009 aka tsai da wani gwaji a Boston tun bai ƙare ba. Tsofaffi 209 ne, raunana, tsaka-tsakin shekarunsu 74. Ƙafafunsu sun ƙara ƙarfi, suna hawan matakala da kaya, amma 23 daga cikin masu maganin sun gamu da larurar zuciya ko ta hanyoyin jini, a wajen masu na wofi 5 kaɗai. Sai cikin 2023 aka sami amsa mai nauyi, daga gwajin maza 5,246 waɗanda aka tabbatar suna da ƙarancin, aka kuma riƙa auna jininsu ana daidaita maganin. Bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu ba su ƙaru ba, kashi 7 cikin 100 a nan, 7 da 'yan kai a can. Amma rikicewar bugawar zuciya, da gudan jini a huhu, da larurar ƙoda, sun fi yawa ga masu maganin. Abin da ya ba kowa mamaki ma shi ne karaya: ana zaton maganin zai ƙarfafa ƙashi, sai ga masu shafa shi sun fi karyewa, 3 da rabi cikin 100, sauran kuwa 2 da rabi. Wannan fa ga waɗanda likita ke tsaye a kansu ke nan.

Akwai wani maganin homon kuma da ya fi testosteron kusa da hannun talaka, ya kuwa fi shi ɓarna a ɓoye. Bisa kowace ƙoda akwai ɗan ƙululu mai aiko da jakadan da aikinsa shi ne cewa dakaru su yi shiru. Cikin 1948, a asibitin Mayo na Amurka, likita Hench ya yi wa wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar allurar irinsa, mai suna kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Jikokinsa su ne firednisolon da deksametazon, waɗanda ke cike da kantunan magani, araha kamar gyaɗa. Magani ne na gaske. Cikin 2020, lokacin annobar korona, an nuna a Birtaniya deksametazon ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kashi 1 cikin 3, domin su shelar dakarunsu ce ta yi yawa har tana ƙone huhu. Waɗanda ciwonsu bai kai ga neman iska ba kuwa bai amfane su da kome ba. Kwana 10 a ke ba su, ba wata 10 ba.

Tsoho mai ciwon gwiwa ya kan saya ya sha, ciwon ya lafa, abinci ya yi daɗi, kumatu su ciko. Maƙwabta su ce, "Kai, Baba, ka murmure!" Yana ma cikin magungunan ƙiba da a ke yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. In ya yi watanni a kai, sai fuska ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, cinya da damtse kuwa su zube, har tashi daga tabarmar ya fi dā wuya. Fata ta yi laushi, ƙashi ya yi rauni, sukari ya hau, miki ya ƙi warkewa. Tarin fuka da dakaru suka tsare shekara da shekaru cikin huhu ya sami ƙofa a buɗe. Ga shi kuma maganin yana danne testosteron ɗin da ya rage masa. Garin neman ƙiba an samo rama, ramar ma a ƙarƙashin ƙiba. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, gama ƙululun ƙodarsa ya yi barci, kafin ya farka mutum na iya faɗuwa; likita ne zai janye masa shi sannu sannu.

To, a koma kan testosteron. Wane tsoho ne ya cancanci maganin? Ba su da yawa. Cikin 2010 aka bincika maza 3,369 a ƙasashe 8 na Turai, 'yan shekara 40 zuwa 79, aka tarar waɗanda jininsu ya nuna ƙaranci, ga kuma alamun ciwon a jikinsu, kimanin 2 cikin 100 ne. Ko cikin waɗanda suka haura 70, 5 cikin 100. Don a sami tsofaffin nan 790 na gwajin 2016 sai da aka tantance mutum fiye da 51,000. Kasala da mutuwar jiki suna da iyaye da yawa: ƙarancin jini, ciwon sukari, rashin barci, baƙin ciki, yunwa. Ga wanda marainansa ko ƙululun ƙwaƙwalwarsa suka kasa da gaske, maganin nan rahama ne, hana shi kuwa zalunci. Ga sauran, fartanya da tafiyar ƙafa da wake da nono suna gina tsoka, tsokar da ke zuwa tare da ƙarfinta.

Likitan kirki ba ya yin allurar don an roƙe shi. Ya kan ɗebi jini da safe, kafin mutum ya karya, domin da safe ne jakadan ya fi yawa, ya kuma sake ɗiba wata rana, gama awo ɗaya ba ya isa, zazzaɓin kwana 3 ma yana kad da shi. Ya duba furostet, ya auna kaurin jini, in an fara kuwa ya ce a komo bayan wata 3 zuwa 6 a sake aunawa. Sa'an nan ya yi tambayar da tsofaffi da yawa ba su zata ba: "Malam, kana neman haihuwa?" Dalili kuwa shi ne ɗan ƙululun nan na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. In ya ji jini ya cika da testosteron na kwalba, bai san na saye ba ne, sai ya tsai da aike. Maraina su bar aiki, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, a jikin waɗansu su ɗauke ƙaf, har an taɓa gwada maganin a matsayin hanyar hana maza haihuwa. Dattijon da ya yi amarya, ya je ya sayi allura don ya fita kunya, yana iya samun sha'awar ya rasa ɗan. In an bar maganin abin ya kan komo, a waɗansu cikin wata 6, a waɗansu shekara, a waɗansu har 2, na tsoho kuwa ya fi na saurayi jinkiri.